Dutsen Taimamar Baba

Mahaifina masunci ne. Tun kafin a haife ni yake shiga tafkin Madarumfa, kuma ban taɓa ganin ƙafarsa a bushe ba sai da tsufa ya kwantar da shi. Ciwon ƙirji ne ya kama shi, irin wanda ko ruwan ɗumi ya taɓa masa jiki sai tari ya taso, zazzaɓi ya biyo baya, a yi kwanaki ana fama. Likita ya ce a nisanta shi da ruwa gwargwadon hali. Limamin unguwarmu ya ce addini ya ba shi sauƙi, ya riƙa taimama. Baba bai ji daɗin wannan sauƙin ba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsamo-tsamo, amma ya karɓa.

Abin da ya rage masa zafin abin shi ne dutsen da yake taimamar da shi. Faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, ya ɗan lanƙwasa. Bayansa sumul yake, hannu ya goge shi har yana sheƙi, ta ciki kuwa akwai wani tudu siriri da ya bi tsawonsa. Dutsen na ƙanen Baba ne, autan ɗakinsu, wanda mu muke ce wa Baba Direba shi kuwa yake ce masa Auta. Babbar mota yake tuƙawa, yana ɗauko albasa daga ƙasar Adar ya ratsa Maraɗi da Ɗan Issa ya shiga Nijeriya. Wata rana sallah ta riske shi a dajin Adar, ruwan da ya rage masa na sha ne, ya ga dutsen nan a gindin tudu ya yi taimama da shi. Santsinsa ya burge shi, ya jefa shi ƙarƙashin kujerar mota. Shekara da shekaru yana tare da shi, duk inda ruwa ya yanke a hanya shi yake ɗaukowa. Da ya rasu aka kawo kayansa gida, Baba bai ɗauki komai ba sai wannan dutsen.

Ina da ɗiya, ita ce ta farina, wadda ta je jami'a a Yamai ta zaɓi karatun duwatsu. Ni malamin makaranta ne, na so ta yi likita ko ta bi sahuna, amma ta kafe. Kakanta ne ya tsaya mata. Ya ce in bar masa matarsa ta karanta abin da take so, ko tsakuwa ce. Tsakaninsu wasan jika da kaka ne tun tana rarrafe: ita tana ce masa angona, shi yana ce mata amarya, kuma abin da ni ba zan iya ɗaga ido in faɗa masa ba ita sai ta faɗa tana dariya.

Ta zo hutu da damina. Washegarin zuwanta da hantsi ta shiga gaishe shi, ni ina zaune bakin ƙofa. Ta ga dutsen gefen buzunsa ta ɗauka, ta juya shi, ta bi tudun nan na ciki da yatsa, ta fito da shi haske. Sai na ga ta buɗe baki kamar wadda aka yi wa albishir.

"Angona, ina ka samo wanga abu?"

"Aje mini dutsena," in ji Baba. "Kin zo ki ci mini gado tun ina da rai."

"Wane dutse? Wanga ƙashi na! Wallahi ƙashi na, na wata dabba da taƙ ƙare tun babu mutane a duniya. Ashe da ƙashi kake taimama, tsoho!"

Ta ci gaba da zuba, murna ta hana ta kallon fuskarsa. Ta ce a jami'a sai an buɗe kabad ake nuna masu irinsa, kuma ba a bari su taɓa. Ni kuwa fuskarsa nake kallo. Na ga dariyar ta bar ta a hankali.

"Ƙashi," in ji shi. "Wa ya yanka ta?"

"Yanka kuma? Ai mutuwa ta yi."

"Mushe ke nan."

Da azahar ta yi ya ce a ɗebo masa ƙasa a kwano, a fitar da dutsen daga ɗakinsa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma daga ranar Baba ya kama ramuwa. In ya sallame sallar da ke kansa sai ya sake kabbara, ya sake, ya sake, yana rama duk sallolin da ya yi tun da ciwo ya kwantar da shi, don a ganinsa wanda ya yi taimama da ƙashin mushe bai yi tsarki ba, wanda bai yi tsarki ba kuwa bai yi sallah ba. A zaune yake yi, amma ruku'u da sujada kaɗai suna cinye masa numfashi. Tarin ya ƙaru. Abinci sai a kai a ɗauke kamar yadda aka kai. Cikin ƴan kwanaki idonsa ya faɗa, wuyansa ya zama kamar tsinken tsintsiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Na tare ɗiyata a zaure na tambaye ta ko a jami'ar ba a koya masu kallon fuskar mutum kafin su yi magana. Ta yi kuka, ta ce ita daɗi ta ji, ta ɗauka shi ma zai ji. Daga nan na shiga wurin Baba na durƙusa, na ce masa Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba.

"Kai malamin lakkwal na, mai koyar da boko," in ji shi. "Ka tsaya ga allonka."

Na ce to a kira liman. Ya girgiza kai, sannan ya faɗi abin da ke cin sa.

"Nawa ni ina ramawa, in Allah ya ara mini kwana. Na Auta hwa? Shekara nawa yana sallah da abin ga bisa hanya? Wa za ya rama mishi? Kuma kana so in tara mutane in ce ƙanena ya tahi kabari da sallolin banza?"

Sai a lokacin na gane. Ni ina tsoron ya kashe kansa da ramuwa, shi kuwa tsoronsa yana wurin wanda ya riga ya kwanta, wanda ba shi da sauran damar gyara komai. Na tashi na fito. Kunya ba za ta bar ni in yi masa gardama ba.

Ɗiyata ce ta ƙi haƙura. Da safe ta bi hanyar tafki wurin tsofaffin abokan sana'ar kakanta, ta dawo da busasshen ƙoƙon bayan kififiya, kunkurun nan na ruwa da ke faɗawa cikin koma, ragar masunta. Ta ɗauko dutsen daga inda aka ajiye shi bayan rumbu, ta shiga ɗakin Baba ba ta nemi izinin kowa ba, ta zauna ta jera su gabansa.

"Hita mini da shi," in ji Baba.

"Ba ni hita. In ka ga dama ka sake ni."

Ya juya fuska bango. Ita kuwa ta juya ƙoƙon, cikinsa ya kalli sama, ta fara magana kamar da kanta take yi. Ta ce dubi waɗannan layukan da suka fito daga ƙashin baya suka bazu hagu da dama. Masunci ba ya iya jin ana maganar kififiya ya yi shiru. Ba a jima ba ya waiwayo.

"Haƙarƙarinta ke nan. Na heɗe ta ba adadi. Manne yake da bayanta, wuƙa ba ta raba su."

"Ba manne yake ba, angona. Bayan nata shi ne haƙarƙarin. Hwaɗi yay yi, kowane ya taɓo ɗan'uwanshi, sunka haɗe sunka zama ƙoƙo."

Sai ta juya dutsen shi ma, ta kama yatsansa ta ɗora bisa tudun nan siriri, sannan ta mayar da shi bisa haƙarƙarin kififiyar. Abu ɗaya ne, sai dai na dutsen ya fi kauri nesa ba kusa ba. Ta ce ɓallin bayan wani ƙaton kunkurun teku ne, kuma irinsa ya ƙare, babu sauransa a duniya.

Ina tsaye bakin ƙofa ina saurare, kuma na furta cewa ni ma ranar na yi karatu. Ta ce kakannin kunkuru na can farko ba su da ƙoƙo. Jikinsu ya fi kama da na damo, da jela da haƙora, sai dai haƙarƙarinsu ya fi na sauran dabbobi faɗi. An tono ƙasusuwansu a wasu ƙasashe, an jera na da da na baya, aka ga yadda abin ya tafi a hankali: wani yana da faffaɗan haƙarƙari kawai, wani na bayansa ya samu farantin ƙashi a ƙirji amma bayansa a buɗe, sai daga baya rufin ya haɗe, haƙoran suka tafi, baki ya zama kamar na tsuntsu. Har kafaɗa, wadda a jikin kowace dabba take daga wajen haƙarƙari, a jikin kunkuru ta koma ciki. Ta ce ba dare ɗaya aka yi wannan ba, zuriya bayan zuriya ne, miliyoyin shekaru. Baba ya ce Mai halitta ba ya gaggawa. Ta ce ita ma abin da ta gani ke nan.

Ta kuma ba shi labarin wata dabbar teku da ta rayu tun kafin wannan, mai sulke a baya, wadda in ka gan ta za ka rantse kunkuru ce. Haƙoranta shimfiɗaɗɗu ne kamar dutsen niƙa, da su take murƙushe katantanwa a ƙasan ruwa. Amma ita sulkenta daga fata ya tsiro, ƙananan ƙasusuwa ne suka haɗu, haƙarƙarinta yana ƙarƙashi daban. Ba zuriya ɗaya suke ba, rayuwa iri ɗaya ce ta sa suka yi kama, kuma ta ƙare ba ta bar baya ba. Ta ce shi ya sa ta fara duba cikin dutsen: haƙarƙarin da ke jikinsa ne ya gaya mata ko na wane ne.

"To mi ya kai kunkurun teku Adar?" in ji Baba. "Ƙasar da mata ka kwana bakin rijiya?"

Ta ce a wancan zamanin teku ne ya malale wurin. Tuddan da Baba Direba yake ratsawa da mota laka ce ta ƙasan ruwa, har yanzu in ka fasa duwatsunsu kana samun katantanwa da haƙoran kifi. Dabbar ta mutu, laka ta rufe ta, ruwa mai ɗauke da ma'adinin ƙasa ya yi ta tsatsafowa cikin ƙashin yana cike kowace kafa, har ya daskare. Ta ɗora masa ƙoƙon a hannu ɗaya, dutsen a ɗayan. Ƙoƙon ba nauyi, dutsen kuwa sai da ya rinjayi hannunsa zuwa buzu.

Ya jima yana shafa shi da babban yatsa. Na ɗauka an gama. Sai ya ture shi gefe.

"Duk na ji, amarya, kuma kin yi karatu. Amma hukunci ba naki ba na."

"To a kira mai hukuncin. Ba mai ambaton Baba Direba. Ni za ni yi bayani, kai ka yi kwanciyarka."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. A wurin Baba wannan izini ne, na sa takalmi na fita.

Liman ya zo bayan azahar. Dattijo ne mai sanyin magana, Baba ya girme shi amma tare suka tashi. Aka shimfiɗa masa tabarma, na hura gawayi na ɗora shayi. Ɗiyata ta lulluɓe kanta ta zauna nesa kaɗan, ta maimaita bayaninta a taƙaice, wannan karon ba dariya. Liman ya saurara har ta gama.

"Dabbar ga, ta tudu ta ko ta ruwa?"

"Ta ruwa ta, malam. Cikin teku tar rayu."

Liman ya juya ga Baba. "Kai da kanka, in ka iske kihi ya mutu cikin koma, mushe kake ce mishi? Abin ruwa in ya mutu mai tsarki na, har kunkurunshi. Wagga magana ta najasa ka aje ta."

Baba ya ɗan motsa, amma bai saki fuska ba. Ya ce tsarki daban, taimama daban. Tabarma ma tana da tsarki amma ba a taimama da ita. Liman ya ce gaskiya ne, taimama sai da jinsin ƙasa. Ya ɗauki dutsen ya auna nauyinsa, sannan ya dubi ɗiyata.

"Ɗiyata, tsakaninki da Allah, ƙashi na ko dutse?"

Na ƙura mata ido ina roƙon Allah ta ce dutse ta yi shiru. Ba ta ko kalle ni ba.

"Siffar ta ƙashi ta, malam. Amma babu ɓargo, babu maiƙo, babu komi na nama. Ma'adinin ƙasa ya cika shi, abin da yar rage na ƙashin ma ya juye. Ba ni iya rantsuwa in ce ko ƙwayar abin da dabbar ta rayu da shi babu. Amma mu wurinmu dutse muke lissahta shi."

Na ji kamar in tashi in fita. Yarinyar nan, na ce a raina, gaskiyarta za ta ƙarasa mini uba. Yau kuwa in na tuna, wannan amsar ce na fi gode mata a kai, don da ta shafa masa mai a baki Baba zai gane, kuma ba zai ƙara yarda da komai ba.

Liman ya sauke butar shayin daga wuta, ya ɓalli ɗan gefen ƙoƙon kififiya ya jefa cikin garwashi. Nan take hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika ɗakin har Baba ya yi tari. Da ya lafa, sai ya kama dutsen ya ɗora bakinsa bisa garwashin. Ɗiyata ta dafe ƙirji, don a wurinta abin nan ya fi zinariya, amma ta cije. Aka jira. Babu hayaƙi, babu ƙauri. Ya ɗauke shi ya miƙa wa Baba gefen da bai yi zafi ba, Baba ya kai hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Ƙamshin bakin murhu," in ji shi.

Liman ya jawo kwanon ƙasar da Baba yake taimama da ita tun ranar, ya ɗebi kaɗan ya bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Wagga ƙasa da ka amince da ita, daga ina anka ɗebo ta? Bayan gidanka. Ka san awaki nawa sunka ruɓe cikinta, da kaji, da itace, tun kakanninmu? Ka taɓa tambaya? Abin da ya koma ƙasa ya zama ƙasa, hukuncin ƙasa gare shi. Wanga ya koma tun ba a yi mu ba. Taimamarka ta yi, sallarka ta yi. Ka bar ramuwar ga, kana cutar da kanka a banza."

Baba ya sunkuyar da kai. Mun yi alkawarin ba mai ambaton ƙanensa, kuma mun cika. Shi da kansa ya ɗago, murya can ƙasa.

"To... wanda ya riga ya tahi hwa? In da shi yay yi ta yi, bisa hanya?"

Liman ya dube shi. Ya san dutsen, ashe. Ya taɓa shiga motar.

"Direba kake nuhi? Mutumin da ka tsaida mota tsakiyar daji, da kaya da zahin rana, don kar sallah ta wuce shi? Sallarshi tana nan inda ya aje ta. Allah shi ba mu irin tata."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Bai rufe fuska ba, ya bar su suna bin gemunsa, yana cewa alhamdu lillahi, Auta, alhamdu lillahi. Ni na kau da kai. Na gode wa liman har bakin zaure, godiyar da na san ba ta kai ba, kuma har gobe ina yi masa addu'a, shi da yarinyar da ta ƙi fita daga ɗakin da aka kore ta.

Ina dawowa aka kira la'asar. Baba ya ce a miƙo masa dutsen, ya riga ya huce. Ya buga tafukansa a kai, ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannuwa, ya fuskanci gabas ya kabbarta. Na tsaya bakin ƙofa ina bin sa da ido har ya yi tahiya ya sallame. Ina jira in ga ko zai sake ɗaga hannu.

Bai ɗaga ba. Ya jingina da bango, ya yi dogon numfashi, ya dube ni.

"Kai, tsayuwar mi kake yi? Babu abinci gidan ga? Yunwa nike ji."

Ban aiki kowa ba. Ni da furfurata na ruga madafa da kaina.